Yadda Ake Shirya Taswirar Daji da Gona a Intanet

Manomin da gonarsa ke bakin Gandun Yankari, a ƙasar Alkaleri ta Jihar Bauchi, ya san abin da ake nufi in an ce giwa ta kwana a gona. Dawa ta yi kai, ana jiran kaka, sai dare ɗaya garke ya biyo, gari ya waye ba abin da ya rage sai karmami da sawu kamar gindin turmi. Mai gona ya kai kuka wurin dagaci, dagaci ya kai gaba, a zo a duba, a yi jaje, a watse. Baɗi ma haka. Abin da ba a cika yi ba shi ne a rubuta ainihin wurin da ɓarnar ta auku da ranar da ta auku, yadda in shekara ta kewayo za a san ta ina giwa ke fitowa. To, aikin taswira ke nan.

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. Girmansa murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma ba shinge a kewaye da shi. Kogin Gaji ya ratsa ta cikinsa. Da rani giwa da ɓauna da gwanki duk a kwarin Gaji suke taruwa saboda ruwa. Da damina kuwa ruwa ya samu ko'ina, sai su bazu, har giwa ta ƙetare iyaka, don ita ba ta san layin da aka ja a takarda ba.

Taswirar intanet ta bambanta da wadda ake liƙawa a bangon ofis. Ƙasanta hoton ƙasa ne wanda tauraron ɗan Adam ya ɗauka daga sama. A bisansa ake ɗora bayani falle-falle, kamar a sami farar takarda mai shara-shara a zana koguna a kai, a sami wata a zana gonaki, sa'an nan a ɗora su bisa juna a duba. Wanda ya ga dama ya ɗage falle ɗaya ya bar sauran. Kuma in malami a Alkaleri ya ƙara ɗigo ɗaya, wanda ke Bauchi zai gan shi nan take.

Kayan aikin ba su da tsada. Google Earth da Google My Maps kyauta ne, sun kuwa isa a fara da su. QGIS ma kyauta ce, ta fi su ƙarfi, amma sai an koya, kuma tana bukatar kwamfuta. Iyakokin gandayen duniya suna nan a shafin Protected Planet, ana saukowa da su a ɗora. Sai dai lalle a gwada wannan iyaka da turakun da ke ƙasa da takardun hukumar gandu, domin takan kauce, kuma rigimar iyaka ba a hoto ake yanke ta ba.

Kafin a taɓa kwamfuta, a fara zama a ƙofar dagaci. A kira sarkin noma da sarkin baka da arɗo, a kira matan da ke zuwa itace da tsintar kaɗanya, a shimfiɗa babbar takarda ko a zana a ƙasa. Kowa ya nuna abin da ya sani: ga burtali, ga mashaya, ga tafkin da ba ya ƙafewa sai bazara, ga tsamiyar da giwa ke sosa jiki. Tauraro yana ganin duhun itatuwa, amma bai san wace fadama ce giwa ta fi so ba. Tsohon maharbi ya sani. Sau da yawa masu ilmin boko kan tsallake wannan zama don gaggawa, su fito da taswira kyakkyawa mai launi-launi wadda mutanen gari ba su yarda da ita ba. Irin wannan a aljihun tebur take ƙarewa.

Bayan zaman sai a fita da wayar hannu. Yawancin wayoyin zamani suna nuna lambobin wurin da mutum ke tsaye, ko da ba sabis, kuma a fili kuskurensu bai cika wuce 'yan taku ba. Ƙarƙashin itace mai duhu ko cikin kwazazzabo kuskuren kan ƙaru, saboda haka a fito sarari, a dakata kaɗan lambobin su tsaya tukuna. Akwai manhaja kyauta, KoboToolbox, wadda ake cika takardar tambaya a cikinta a daji, in an shigo inda akwai sabis ta aika.

Takardar tambayar kada ta yi tsawo. Rana, wuri, wace dabba, wane amfanin gona, eka nawa aka ɓata, ta wace fuska dabbar ta shigo, ta ina ta fita. A haɗa da hoton sawu ko kashi. Batun mashiga da mafita shi ne gishirin aikin, domin in an sami ɗigo talatin ko arba'in aka jera su, hanyar giwa za ta fito da kanta. A kuma rubuta gaskiya. In gwaggon biri ne ya ci masara, ko shanu suka yi ɓarna, kada a ɗora wa giwa don ana sa ran diyya. Ɗigon ƙarya ɗaya yakan sa a kafa tsaro inda ba a bukata, a bar ƙofar gaskiya a buɗe.

Game da hotunan sama, ya kamata a san iyakar ganinsu. Taurarin Landsat na Amurka, waɗanda aka saki hotunansu kyauta a 2008, kowane ƙwayar hoto tasu mita 30 ce tsawo da faɗi, watau eka guda ba ta kai ƙwaya biyar ba. Sentinel-2 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, ƙwayarsa mita 10 ce, eka guda ƙwaya arba'in ke nan, kuma yana komowa kan wuri bayan kwana biyar. Da shi ana gane sabuwar gona da aka sare, da ƙunar daji, da janyewar ruwan tafki. Giwa ɗaya kuwa ba za a gan ta ba. Da damina gajimare kan rufe ƙasa, saboda haka hoton watan Nuwamba ya fi na Agusta amfani. Har wa yau a riƙa duba ranar da aka ɗauki hoto, gama na Google Earth wani lokaci ya shekara biyu ko uku.

Global Forest Watch, wanda aka buɗe a 2014, yana nuna inda aka yi hasarar itatuwa tun daga 2001. Abu ne mai amfani a kurmin kudu. A dajin arewa sai an yi hattara, domin itacen da ya kai mita biyar yake lissafawa, kuma ɗaiɗaikun itatuwa da ke warwatse sukan kuɓuce masa. In bai nuna kome ba, wannan bai nuna masu gawayi ba su shiga ba.

Sai babban gargaɗi. Ba kowane falle ake buɗe wa jama'a ba. A 2019 ƙungiyar WCS, tare da gwamnatin Bauchi, ta sanya wa wasu giwayen Yankari abin wuya mai aika labarin inda suke, domin a tsare su, a kuma gargaɗi ƙauyuka in garke ya doso. Labarin nan in ya faɗa hannun mai neman haure, an yi masa jagora ke nan har gindin dabbar. Don haka fallen da ke nuna inda giwa take yau, da hanyar sintirin dogaran daji, a kulle su, masu aikin kaɗai su gani. Fallen gonaki da burtali da wuraren ɓarnar bara kuwa a buga su a takarda a liƙa a ƙofar dagaci, don ba kowa ke da waya ba. Sunayen masu kawo labarin mafarauta kada su shiga taswira sam.

In an yi damina biyu ana tarawa, taswira ta fara biyan wahala. A misali, in aka ga mafi yawan ɓarna ta bi wani rafi guda, can za a kafa dakalin tsaro, can za a jera amya, domin an gwada a Kenya an ga giwa na gudun ƙudan zuma. Gonakin da ke kan hanyar a ba su shawarar barkono maimakon masara da dawa, tun da giwa ba ta son yaji. Mai neman sabuwar gona a nuna masa wurin da ba kan hanya ba tun kafin ya kai gatari. Burtalin da gonaki suka cinye ma zai fito fili, a san abin da ke tura shanu cikin gandu.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne a bar shi hannun mutum ɗaya. A yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da kalmar sirri, shi ke nan. A sa mutum biyu ko uku su riƙe ta, kuma kowace kaka, bayan an kai amfani rumbu, a sauko da dukan bayanin a ajiye kwafi ɗaya a ofishin gona, ɗaya a ofishin gandu.