Kafin ka kwafe kaset a kwamfuta, daidaita hoton tukuna

Aikina mayar da tsofaffin kaset ɗin bidiyo cikin kwamfuta: bukukuwan aure, suna, saukar Alƙur'ani, hawan sallah. Da yawan abin da ake kawo mini an riga an kwafe shi a wani wuri, sai mai shi ya ga fuskoki sun dushe, fararen kaya sun zama kamar fitila, ya ce a gyara. Amsar da nake bayarwa ba ta da daɗi: abin da katin ɗaukar hoto ya zubar lokacin kwafewa, babu manhajar da za ta dawo da shi. Gyaran gaskiya kafin ɗauka ake yin sa.

Ko tsohon kati ne irin na Hauppauge da AVerMedia da ake cusawa cikin kwamfuta, ko ɗan ƙaramin nan na USB, matakan ɗaya ne.

Fara da tsarin siginar. Talabijin ɗin Najeriya da Gana tsarin PAL suka bi: layi 625, hoto 25 a daƙiƙa, ana ɗauka a girman 720 da 576. Amurka NTSC ta bi: layi 525, ana ɗauka a 720 da 480. Nijar kuwa SECAM ta bi irin na Faransa, don haka shirin da aka naɗa daga talabijin a Maraɗi ko Yamai na iya fitowa baƙi da fari in na'urar bidiyon ko katin ba su san tsarin ba. In ka ga babu kala ko hoto na birgima, nan za ka fara dubawa.

Sai waya. Mai kai ruwan ɗorawa tana haɗa haske da kala a hanya guda, shi ya sa gefen abubuwa ke ɗigo-ɗigo. In na'urarka na da kafar S-Video, yi amfani da ita, don tana raba su.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna. A bidiyo, baƙi yana kan lamba 16, fari a 235, cikin ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 255. Maɓallin haske shi ke ɗaga ko sauke baƙin, maɓallin bambanci kuma shi ke tura farin. Nemi wuri mafi duhu a kaset ɗin, ka juya maɓallin haske har baƙi ya zauna kusa da 16. Sannan ka nemi wuri mafi haske, ka rage bambanci har fari ya daina wuce 235. Ka sake duba baƙin, domin taɓa ɗaya na motsa ɗayan. Manhaja irin VirtualDub na da jadawalin da ke nuna maka wannan, kuma ya fi ido gaskiya, tunda allon kwamfutarka ma zai iya kasancewa bai daidaitu ba.

Wannan ya fi shafar mu. A taronmu, ango na cikin farar shadda a tsakar rana, fuskarsa baƙa ƙarƙashin hula. Ka cika bambanci, aikin babbar rigar ya ɓace gaba ɗaya. Ka rage haske da yawa, fuskar ta nutse. Dole duka biyun su tsira a hoto ɗaya.

Ƙarfin kala kuma a yi shi da sauƙi. Ja ne ke fara zubewa a kaset ɗin VHS. In atamfar amarya ta fara malala wajen iyakarta, ka rage. Maɓallin karkata launi na NTSC ne, a PAL bar shi a tsakiya. Maɓallin kaifin hoto ma kada ka ɗaga shi, ƙurar kaset kawai yake fito da ita.

In ka ga layuka kamar haƙoran mataji lokacin da mutum ke motsi, kada ka tsorata. Tsohon tsarin talabijin na aiko kowane hoto kashi biyu ne. Ka ɗauka yadda ya zo, ka haɗe layukan daga baya a kwafin da za ka ba mai aiki.

Ka gwada minti biyu a wuri mai duhu da mai haske kafin ka saki kaset ɗin gaba ɗaya. Kai kuma mai kaset, kada ka yar da shi don an ba ka filashi. Kalli kwafin tukuna, ka duba fuskoki da fararen kaya. In an ɓata, kaset ɗin ne kaɗai zai ba da damar sake ɗauka.