Kimiyyar da ke Cikin Ɗaukar Fim ɗin Jirgin Ƙasa Mai Tururi

A arewacin Ingila akwai wata tsohuwar hanyar dogo wadda ta tashi daga garin Settle ta ratsa tsaunuka har zuwa birnin Carlisle, tafiyar kimanin kilomita 116. Kamfanin Midland ne ya shimfiɗa ta, aka buɗe ta ga jiragen kaya a 1875, ga na fasinja kuma a 1876. Abin da ya fi yin suna a kanta shi ne gadar Ribblehead, mai bakan gizo 24, tsawonta mita 400, tsayinta kuwa mita 32. Leburori fiye da 100 suka rasa rayukansu a wurin aikinta, wasu ta haɗari, wasu ta annobar agana. A ranar 11 ga Agusta, 1968, jirgin fasinja mai tururi na ƙarshe na hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ya bi ta wannan hanya, daga nan aka hana irinsa hawa manyan hanyoyin dogo sai a 1971. Ita kanta hanyar an so rufe ta, sai dai jama'a suka tashi tsaye, gwamnati ta ƙi amincewa da rufewar a watan Afrilu na 1989.

A yau jiragen dizal ne ke aikin yau da kullum a kan hanyar, amma lokaci-lokaci akan fito da tsohon kan jirgi mai cin kwal, irin wanda ya fara isa Kano a 1911, ya ja taragun 'yan yawon buɗe ido. A irin wannan rana sai ka ga mutane sun hau tuddai tun da sassafe, kowa da kyamararsa. Wahalar aikinsu guda ce: kan jirgin zai ƙetare gadar cikin abin da bai kai minti guda ba, kuma ba zai dawo don wani ya sake gwadawa ba. Saboda haka wanda ya yi lissafinsa kafin jirgi ya ɓullo shi ke komawa gida da fim mai kyau. Wannan lissafi kuwa ba wani abu ba ne illa kimiyyar zafi da haske da sauti da ake koyarwa a makarantun sakandare.

Farin da ke tashi sama

Mu fara da abin da ya fi jan ido, wato farin gajimaren da ke fita daga bututun jirgin. Mutane kan kira shi tururi, amma tururi na ainihi ba a ganinsa. Dubi bakin buta lokacin da ruwa ke tafasa: dab da bakin akwai ɗan fili da ba a ganin komai, sai an ɗan matsa gaba farin ke bayyana. A wannan fili tururin yake. Farin kuwa ƙananan ɗigon ruwa ne da suka samu bayan tururin ya haɗu da iska mai sanyi ya huce, kamar dai yadda numfashin mutum ke bayyana da asubar sanyi.

A cikin tukunyar jirgi ruwa ba ya tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salshiyas kamar a murhu, domin a rufe take, matsin da ke cikinta kuma yana da yawa. A irin kan jirgin da ake kira Black Five, matsin ya ninka na iskar da muke shaƙa fiye da sau 15, don haka sai ruwan ya kai wajen digiri 200 yake tafasa. Tururin kan tura fistan a cikin silinda, fistan ya juya ƙafafu, sannan a fitar da tururin da ya gama aiki ta bututun sama. Fitarsa da ƙarfi kan janyo iska ta cikin wutar, wutar ta ƙara ruruwa. Ke nan gwargwadon wahalar da jirgin ke sha, gwargwadon ƙarfin wutarsa.

Daga nan mai ɗaukar fim zai fitar da hukunci biyu. Na farko, ranar sanyi mai laima ta fi ranar zafi, domin iska mai ɗumi da bushewa kan shanye ɗigon ruwan nan take, jirgi ya wuce kamar ba ya numfashi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, a tsaya a wurin hawa. Daga kusa da Settle hanyar na hawa mita 1 a kowace mita 100 har tsawon wajen kilomita 24, wuri mafi tudu kuma shi ne Ais Gill, mita 356 bisa teku. Mita 1 cikin 100 ba komai ba ce ga mai keke, amma mu ɗauki jirgi mai nauyin tan 400. Nauyinsa a ma'aunin niyuton kimanin miliyan 4 ne, kashi 1 cikin 100 na wannan kuwa, wato niyuton 40,000, yana jan sa baya. Idan yana tafiyar mita 11.5 a sakan, hawan kaɗai na cin kilowat 460, fiye da ƙarfin doki 600, ban da gogayyar ƙafafu da turjiyar iska. A gangara kuwa direba kan rufe tururi, jirgi ya sulale shiru. Wanda ya kafa kyamararsa a gangara ya yi tafiyar banza.

Baƙin hayaƙi dabam ne. Alama ce ta kwal da bai ƙone sosai ba saboda ƙarancin iska a cikin wutar. Masu kallo na son sa, amma a wurin injiniya asarar makamashi ce, kuma gwanin zuba kwal shi ne wanda hayaƙinsa ke fita toka-toka.

Ido ɗaya, fari da baƙi

Kan jirgin baƙi ne ko mai duhun launi, farin da ke samansa kuma na ƙyalli. Idon ɗan Adam na iya ganin su biyun a tare, kyamara kuwa ba ta kai ido a wannan fanni ba. Idan aka bar ta ta auna haske da kanta, takan yi ƙoƙarin mai da duk abin da ke gabanta matsakaici. Da farin ya cika hoto sai ta rage haske, jirgi ya zama baƙin dunƙule. Da jirgi ya cika hoto sai ta ƙara haske, farin ya wanke. Masu gwaninta kan auna hasken tun kafin jirgi ya zo, su ƙulle ma'aunin. Sukan kuma lura da iska. A wannan yanki iskar yamma ta fi yawa, kuma wanda ya tsaya a gefen da take kaɗawa zuwa gare shi zai ga hayaƙi ya kwanto ya lulluɓe jirgin da ya zo ɗauka.

Ƙafar da ke juyawa baya

Fim ba motsi ba ne, jerin hotuna ne marasa motsi da ake nunawa da sauri. A Turai an saba da hotuna 25 a kowane sakan, a silima kuma 24. Kowane hoto ana ɗaukarsa ne a ɗan lokacin da ƙyauren kyamara ke buɗe. Jirgin da ke gudun kilomita 72 a awa yana cin mita 20 a sakan. Idan ƙyauren ya buɗe na kashi 1 cikin 50 na sakan, jirgin ya matsa santimita 40 kafin ya rufe, hoton ya fito dishi-dishi. Idan kuwa kashi 1 cikin 1,000 ne, santimita 2 kawai zai matsa. Mai ɗaukar hoto guda na son na biyun. Mai fim kuwa ya fi son na farkon, domin wannan dishi-dishin shi ke haɗa hoto da hoto har ido ya ga motsi mai santsi. Da hotunan sun yi tsaf-tsaf sai jirgi ya riƙa tafiya kamar yana tsalle.

A nan ne wani abin mamaki ke faruwa. Ƙafar jirgi na da wayoyi na ƙarfe da suka tashi daga cibiya zuwa baki, kamar na ƙafar keke amma masu kauri. Don sauƙin lissafi mu ce 20 ne, wato tsakanin kowane biyu akwai digiri 18. Idan ƙafar na juya digiri 18 daidai tsakanin hoto da hoto, to kowace waya za ta faɗa gurbin da 'yar'uwarta ta bari, kuma tun da kamarsu ɗaya, ido zai ga ƙafa a tsaye alhali jirgi na tafiya. Wannan zai faru idan ƙafar na zagaye 1.25 a sakan. Faɗin ƙafar Black Five mita 1.83 ne, kewayenta mita 5.75, gudun ke nan zai kama wajen kilomita 26 a awa. Idan gudun ya ɗan gaza haka, a ce digiri 16 tsakanin hotuna, ƙwaƙwalwa za ta zaɓi hanya mafi kusa, ta ɗauka waya ta koma baya da digiri 2 maimakon ta yi gaba da 16. Sai a ga ƙafa na juyawa baya a hankali. Dogon ƙarfen da ya haɗa ƙafafun shi ke tona asiri, domin shi ba shi da tagwaye, yana ci gaba da zagayensa yadda ya kamata.

Abin da kunne ke ji

A ganina sauti ya fi hoto faɗin gaskiya game da jirgi, domin da shi ana iya auna gudu. A cikin kowace silinda tururi na tura fistan gaba, ya kuma tura shi baya, saboda haka sau biyu take fitar da numfashi a zagaye guda na ƙafa. Black Five mai silinda biyu ne, yana numfashi sau 4 a zagaye. Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, da Tornado, wanda aka kammala a Darlington a 2008, silinda uku gare su, numfashinsu sau 6. Idan ka ƙirga numfashi 80 na Black Five cikin sakan 10, zagaye 20 ke nan, wato mita 115, ko mita 11.5 a sakan, kimanin kilomita 41 a awa. Da wannan gudu kan jirgin zai ƙetare gadar Ribblehead cikin sakan 35.

Sauti dai yana tafiyar wajen mita 340 a sakan, haske kuwa nan take yake isowa. Wanda ya tsaya mita 680 daga gadar zai ga farin da usur ya fesa, sai bayan sakan 2 ya ji kukan, hotuna 50 sun riga sun wuce. Wasu masu haɗa fim kan janyo sautin ya dace da hoton, wasu su bar shi yadda ya zo, don tazarar na sanar da mai kallo nisan wurin.

Wanda ya tsaya kusa kuma zai ji wani abu dabam. Kukan usur kan yi siriri yayin da jirgi ke tunkaro shi, ya yi kauri da zarar ya wuce. Christian Doppler, masani ɗan ƙasar Ostiriya, ya bayyana dalilin a 1842: abin da ke matsowa yana cunkusa igiyoyin sauti a gabansa, ya miƙe su a bayansa. A 1845 Buys Ballot ya jarraba batun a ƙasar Holan, inda ya yi amfani da mabusa da jirgin ƙasa a kusa da Utrecht. Mu ce usur na kaɗawa sau 500 a sakan, jirgi na gudun mita 20 a sakan. Yana tahowa za a ji 500 sau 340 a raba da 320, wato 531. Yana wucewa kuma 500 sau 340 a raba da 360, wato 472. Ko kunnen da bai san kiɗa ba zai ji wannan faɗuwa.

Inda gilashi ke yaudara

Gilashin kyamara mai janyo nesa kan matse tazara, abin da ke gudu ya zama kamar yana rarrafe, kuma wanda idonsa ke manne da kyamara ba ya ganin gefensa. Wannan ya jefa mutane cikin ganganci. A ranar 25 ga Fabrairu, 2016, Flying Scotsman ya tashi daga Landan zuwa York bayan gyaran da ya ɗauki shekara 10, sai da aka tsai da shi a kusa da St Neots saboda masu ɗaukar hoto sun shiga kan dogo, a hanyar da jiragen zamani ke gudun kilomita 200 a awa. Shiga filin dogo laifi ne a Birtaniya, tararsa na iya kai wa fam 1,000.

Lissafin ya fi tarar ban tsoro. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta da riƙo sosai, abin da ya sa jirgi ke jan kaya mai yawa da ƙarfi kaɗan, shi ne kuma ya hana shi tsayawa da wuri. Mafi yawan manyan jiragen tururi ba a yarda su wuce kilomita 120 a awa ba, wato mita 33 a sakan. Idan muka ɗauka birki na rage rabin mita a sakan daga gudun a kowane sakan, sai jirgin ya ƙara cin wajen mita 1,100 kafin ya tsaya. Direban da ya hango mutum a mita 300 ba shi da abin yi sai busa usur.

Aikin aji

Malami na iya nemo fim ɗin Black Five yana hawan wannan hanya a intanet, ya rufe fuskar na'urar, ɗalibai su ƙirga numfashin jirgin huɗu-huɗu cikin sakan 10 su fitar da gudunsa. In ya yi musu sauri, a rage saurin fim ɗin zuwa rabi a ƙirga na sakan 20. Daga nan a buɗe hoton, a auna lokacin da kan jirgin ya ɗauka daga farkon gadar Ribblehead zuwa ƙarshenta, a raba mita 400 da shi, a gwada amsoshin biyu. Don ganin ƙafa mai juyawa baya kuwa, a kifa keke a filin makaranta da tsakar rana, a ɗaura farin ƙyalle a wayoyi 4 masu tazara ɗaya, a juya ƙafar da ƙarfi, a ɗauke ta da kyamarar waya har ta tsaya.