Cutar Mantuwa Ta Tsofaffi: Abin Da Ya Kamata Hakimai Su Sani

Sau da yawa akan kawo wa hakimi maganar wata tsohuwa da aka tsinta da dare a unguwar da ba tata ba, ta kasa faɗin gidansu, har jama'a su ɗora mata maita. Kafin a yanke magana, lalle ne a san akwai cutar ƙwaƙwalwa mai kawo haka.

Sunanta Alzheimer, watau sunan likitan Jamus wanda ya fara bayyana ta a 1906, bayan ya binciki ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da ita. Asalinta wasu sinadarai biyu ne, amiloyid da tawu, waɗanda ke taruwa cikin ƙwaƙwalwa suna kashe ta sannu a hankali. Ta fi kama wanda ya wuce shekara 65. Bisa ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2021 mutum miliyan 57 ke fama da ruɗewar tunani, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari kuwa wannan cuta ce sanadi.

Da fari mutum yakan manta abin da ya faru ɗazu, alhali yana tune da ƙuruciyarsa sarai. Daga nan sai maimaita tambaya, da ɓata a hanya, da zargin iyali da sata. Daga bisani ko 'ya'yansa ba ya shaidawa.

Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. Donepezil da memantine suna rage alamunta na ɗan lokaci. A 2023 Amurka ta amince da lecanemab, wanda ke rage saurinta kaɗan in an fara da wuri. Duk da haka a kai mutum asibiti, gama baƙin ciki mai tsanani da ƙarancin bitamin B12 su ma suna kawo mantuwa, kuma suna jin magani. Kula da hawan jini da ciwon suga, da barin taba, suna rage haɗarin kamuwa.

Saboda haka ana roƙon hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwa kada a bari a daki irin waɗannan bayin Allah, ko a ɗaure su. Malaman hakimai kuma su lura: in an kawo tsoho ya dangwala hannu a takardar sayar da gona ko kyauta, aka ga alamar ruɗewa, a dakata sai likita ya duba shi. Wanda ya rene mu muna ƙanana, hakkinsa ne mu rene shi yau.