Tsofaffin Littattafan Jarumai na Baƙi da Fari: Yadda Za Ka Same Su, Ka Adana, Ka Ci Moriyarsu

Iyaye da malamai a Gaya da Ajingi suna yawan kukan cewa yara ba sa son karatu, waya ta ɗauke musu hankali. Wani magani mai araha da ba a cika tunawa da shi ba shi ne tsofaffin littattafan labarin zane, wato komik, musamman waɗanda aka sake bugawa da baƙar tawada zalla. Wani na ganinsu sai ya raina, ya ce ai babu launi. To, rashin launin nan shi ne amfaninsu.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Daga 1968 kamfanin Drum na Afirka ta Kudu ya riƙa buga mujallar African Film, ana sayar da ita a Nijeriya da Gana da Kenya. Hotuna ne aka ɗauka da kyamara, baƙi da fari, aka jera su suna ba da labarin Lance Spearman, ɗan sandan ciki mai malafa da kwat, wanda kullum yake artabu da mugun nan Rabon Zollo. Tana da 'yar'uwa mai suna Boom, ta jarumin daji Fearless Fang. Dattawa da dama da suka yi makaranta a wancan zamani a nan suka fara jin daɗin karatun Turanci.

A 1975 kuma aka fara fitar da Powerman domin kasuwar Nijeriya, jarumi baƙar fata mai ƙarfin gaske wanda ba abin da ke kayar da shi sai saran maciji. Turawan Ingila biyu ne suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, waɗanda daga baya suka yi suna a duniya: na farko da Watchmen, na biyu da wani shahararren labarin Batman. A 1988 an sake buga wasu daga cikin labaran a Amurka, aka canza wa jarumin suna zuwa Powerbolt.

A Amurkar ma, kamfanin Marvel ya fara jerin Essential a 1996, DC kuma ya bi sahu da Showcase Presents a 2005. Dabarar ɗaya ce: a tattara tsofaffin labaran Spider-Man ko Superman, a cire launi, a buga a takarda mai sauƙin kuɗi, littafi guda ya kai shafi 500.

Me ya sa babu launi ya fi?

Asalin aikin da baƙar tawada ake yinsa. Mai zane ya zana da fensir, a bi da tawada, sannan wani dabam ya zo ya sa launi. Injinan da kuwa ɗige-ɗige suke fesawa a takarda mara kyau, sau da yawa ja ya tsallake layi ya hau fuskar mutum. Idan aka cire wannan, hannun mai zanen ne kaɗai ya rage. Ka duba aikin mai zane Jack Kirby: jarumi ya kai naushi, dunƙulen hannun ya fi kansa girma don ya matso kusa da idonka, layin ya yi kauri a ƙasan damtse inda inuwa take, ya sirance a sama inda haske ya sauka. Yaron da ya saba ganin yadda alƙalamin kara ke kauri da sirancewa a kan allo zai gane wannan nan take.

Inda za ka nema

Ka fara da gida. Tambayi tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan da suka yi ritaya, wani yana da su a ƙasan adaka, ya manta. Idan ka shiga Kano, ka leƙa wurin masu tsofaffin littattafai a Sabon Gari. Kada ka tsaya faɗin sunan littafi, ka nuna musu hoton bangon a waya, sannan ka bar lambarka, domin kaya ne da ke zuwa jefi-jefi a cikin dila. In kana da ɗalibi a jami'ar Wudil ko ta Bayero, ka sa shi ya riƙa cigiya.

Kafin ka biya kuɗi, ka yi abu uku. Ka buɗe tsakiyar littafin ka ga ko gam ɗin ya bushe, shafuka na zubewa. Ka bi lambobin shafi, don labarin da aka yage ƙarshensa ɓacin rai ne ga yaro. Ka kuma shinshina: warin ruma alama ce ta ya sha damshi, zai iya shafa wa sauran littattafanka.

Ka karanta kafin ka miƙa wa yaro

Wannan ba abin wasa ba ne. Tsufan littafi ba ya nufin komai na cikinsa ya dace da tarbiyyarmu. Spearman kansa mashayin giya ne da sigari, wasu labaran Amurka kuma akwai shigar da ba ta kamata ba, ko zanen da ke wulaƙanta baƙar fata. Ka ware na manya gefe. Wanda ya dace, ku zauna tare. Ka rufe rubutun da yatsa, ka ce yaron ya faɗa maka da Hausa abin da yake gani, sannan ka buɗe ku karanta Turancin. Hoton ya riga ya yi rabin fassara, shi ya sa kalma ke zama a ka ba tare da bulala ba. Shafi huɗu ko biyar a zama ɗaya sun isa. Ka tsaya a daidai inda jarumi ya shiga tarko, gobe shi zai zo yana neman ka.

Adana

Takardar irin ta jarida ce, rana na sa ta ja ta yi ƙamas. Maƙiyanta a nan su ne gara da kyankyaso da ɓera, sai damshin damina da ƙurar hunturu. Ka sa su a akwatin ƙarfe, a kwance, ka ɗora akwatin a kan bulo nesa da bango, ka jefa kafur a kusurwa ba tare da ya taɓa takardar ba. Kada ka liƙe yagewa da salatif, yakan bar tabo mai maiƙo bayan 'yan shekaru. Kada kuma ka kai a manne maka leda da zafin inji, in an yi an yi ke nan. Fil ɗin da ya yi tsatsa ka cire shi a hankali, ka ɗinke da zare. Mai aro kuwa ka rubuta sunansa, ko ɗan'uwanka ne. Aro ba rubutu kyauta ce.

Daga karatu sai yin naka

Babbar ribar ita ce abin da aka zana da baƙi da fari kowane shagon fotokwafi zai iya fitar da shi. Amma ka kiyaye, kwafar littafin wani ka sayar cin haƙƙi ne. Naka za ka yi.

Ka ninke farar takarda biyu ta A4 gida biyu, ka sami shafi takwas. Ka raba kowane shafi gida huɗu zuwa shida, ka sa wa gidajen lamba kamar yadda aka yi a Powerman, don kada sabon mai karatu ya ɓata hanya. Ka fara rubuta maganar kafin zanen, in ba haka ba wuri zai ƙare maka. Ka zana da fensir, ka bi da baƙin biro ko siririyar maka, ka bari ya bushe sannan ka goge fensirin. Inuwar fensir ba ta fita sosai a fotokwafi, don haka ka yi inuwa da jerin layuka, inda kake son duhu ka gitta wasu a kansu. Ka bar faɗin yatsa a gefe, inji kan cinye baki.

Jarumi kuwa ba sai ka aro daga Amurka ba. Tun 1934 Bello Kagara ya ba mu Ganɗoki, daga baya kuma Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. Tarihin baka ya ce maƙeran Abagayawa daga Gaya suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dala. Ga maharba, ga 'yan tauri, ga 'yan dambe, ga yarinyar da ta gano ɓarayin shanu a hanyar kasuwar Wudil ranar Juma'a. Ka fitar da kwafi goma kacal, ka raba wa 'yan aji, ka zauna ka kalli inda suka yi dariya da inda suka rikice. Gidan da suka rikice a kansa shi za ka fara gyarawa a fitowa ta biyu.