Mai Gudu da Kare: Abin da Ilmin Halittu Ya Ce

Da zarar lokacin gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta ya ƙarato, za ka ga ɗalibai a yankin Garo, Kabo da Gwarzo sun fita tun da sassafe suna atisayen gudu, wasu a gefen kwalta, wasu kuwa a kan burtalan da suka ratsa gonaki da rugage. Malamansu sukan gargaɗe su game da mota da ɓata-gari, amma ba safai ake ambaton kare ba, alhali shi ne abin da mai gudu ya fi cin karo da shi a karkara, musamman da rani lokacin da mafarauta suke fita da karnukansu.

Kare jikan kyarkeci ne, kuma ya gaji ɗabi'ar bin duk abin da ya ga yana tserewa. Gudun da kake yi shi ne yake tayar masa da wannan ɗabi'a. Kada ka yi tunanin za ka tsere masa. Usain Bolt, wanda ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Balin a shekarar 2009, saurinsa bisa matsakaicin lissafi bai wuce kilomita 38 a awa ba, lafiyayyen karen farauta kuwa yakan zarce haka.

Saboda haka idan kare ya taso maka, tsaya cik. Ka ba shi gefen jikinka, ka haɗe hannuwanka a ƙirji, kada ka zuba masa ido, domin a wurinsa ƙura ido neman faɗa ne. Kada ka yi ihu. Idan ya lafa, sai ka ja da baya a hankali. In ya matso, sanya wani abu tsakaninku, kamar sanda ko rigarka. In kuwa ya kayar da kai, dunƙule jikinka ka rufe wuya da fuska. Dabarar nan ta sunkuyawa kamar za a ɗauki dutse takan kori karen gari, na sha gwada ta ina yaro, amma ba ta da tasiri a kan karya mai jego ko mahaukacin kare.

Haɗarin cizo ya wuce raunin da ido yake gani. Ƙwayar cutar haukan kare tana cikin yawun dabbar. Idan ta shiga jiki, takan bi jijiyoyin saƙo sannu a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki wata 2 zuwa 3, wani lokaci mako guda, wani lokaci shekara. Cizon fuska ko wuya ya fi muni saboda tazarar gajera ce. Da zarar alamu sun bayyana, wato firgita, zubar yawu da tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 suke mutuwa da wannan cuta a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya.

Jinkirin tafiyar ƙwayar cutar shi ne damar da wanda aka ciza yake da ita, kuma da ita Louis Pasteur ya yi amfani a Faransa a shekarar 1885, sa'ad da ya ceci wani yaro mai suna Joseph Meister da allurar da ya haɗa. Matakin farko yana hannunka: wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, ko da ƙarzuna ce kawai. Daga nan sai asibiti a ranar, domin a fara allurar rigakafi, kuma a kammala ta. Shafa barkono, toka ko gashin karen a kan raunin ɓata lokaci ne. Idan an san karen, a tsare shi a lura da shi kwana 10, amma kada a jinkirta allura ana jiran sakamako.

Ga malaman wasanni, ya kamata ku zagaya hanyar atisaye da kanku kafin ku saki yara, ku hana fita kafin gari ya waye, ku kuma tabbatar suna tafiya rukuni-rukuni tare da babba. A kuma ja kunnen ɗalibai su riƙa faɗin gaskiya in an cije su, domin yaro yakan ɓoye ƙaramin rauni don tsoron faɗa.