DARASI: TUMBI BA SHI NE ARZIKI BA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, darasinmu na yau a kan ciki ne. Na san wani zai ce: "Malam, a wannan tsadar abincin, mutumin Zoza da ke neman na tuwon dare za ka yi wa wa'azin ƙiba?" Gaskiya ne akwai yunwa. Amma ku duba da kyau, a gida ɗaya sai ka ga yaro a rame, maigida kuma tumbi ya hana shi sujada yadda ya kamata. Kuma ciwon suga da hawan jini sun daina tambayar ko mutum ɗan birni ne ko ɗan ƙauye.

ABIN DA ADDINI YA CE

A cikin Suratul A'araf, aya ta 31, Allah Ya halatta mana ci da sha, a nan take kuma Ya hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikarib, wanda Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito, ya nuna babu mazubin da ɗan Adam yake cikawa mafi sharri kamar cikinsa, in kuma ya zama dole, to ya kasa shi uku: abinci, abin sha, numfashi. A hadisin Imran ɗan Husaini da ke Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya lissafa bayyanar ƙiba cikin alamomin mutanen da za su zo bayan zaɓaɓɓun ƙarnuka. Malamai suka ce zargin yana kan wanda ya nemo ta da yawan ci da holewa, ban da wanda haka halittarsa take. Sannan hadisin Abu Barza a Tirmizi ya sanar da mu cewa ranar alƙiyama za a tambayi bawa jikinsa, a me ya ƙarar da shi. To ka ga ashe jikin nan amana ne.

ME YA CANZA A ƘASARMU?

Iyayenmu a ƙasar Rogo da Ƙaraye tuwo suke ci su ƙoshi, amma a ƙafa suke zuwa gona, fartanya ce a hannunsu tun shuka har girbi, mata suna surfe da daka da jan ruwa. Yau babur ne zai kai ka gona, maganin feshi ya rage noman hannu, inji ya karɓi aikin turmi. Duk wannan ni'ima ce, mu gode wa Allah. Sai dai aiki ya ragu, kwano bai ragu ba. Ƙari ma aka yi: taliya, farar shinkafa, burodi, lemon kwalba, shayi mai kauri da madarar gwangwani, miya kuma sai an zuba dunƙule bisa dunƙule. Abin da jiki ya ci bai ƙone ba, kitse yake mayar da shi ya ajiye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana ɗauke da ƙiba mai yawa. Shawararta ita ce baligi kada sukarin da yake sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato cokalin shayi 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar kusan cokali 9. Yi lissafi da kanka: cokali uku a shayin safe, uku a na dare, lemo ɗaya da rana, ka kai 15, ba a ma zo kan fura da koko ba. Gishiri kuwa kada ya kai giram 5, kusan cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021, amma haraji ba zai riƙe maka hannu ba. Kai za ka riƙe.

KADA A LAƁE DA ƘADDARA

Wani in ka yi masa magana sai ya ce: "Ai ciwo da lafiya na Allah ne." Ƙwarai na Allah ne. Ruwan sama ma na Allah ne, amma ba mu taɓa ganin ka bar gonarka ba shuka ba. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali. Wanda suga ko hawan jini ya taɓa masa ƙoda har sai an riƙa kai shi wankin ƙoda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ba shi kaɗai yake jinya ba. Hatsin gidan ne yake tafiya, wani lokaci har gonar gado.

Amma a yi adalci. Akwai ƙibar gado, akwai wadda haihuwa ko wani ciwo ko wani magani yake kawowa. Ba kowane mai jiki ne mai haɗama ba, kuma Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi. Kowa ya duba kwanonsa, ya bar na maƙwabcinsa. Siriri ma bai tsira ba, ana samun suga a jikin ramamme.

'Yan uwa mata, ku ji tsoron Allah game da ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe". Wasunsu magunguna ne masu ƙarfi irin su Dexamethasone, waɗanda likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Kumburin fuska suke kawowa, su tayar da suga da jini, su raunana ƙashi da garkuwar jiki. Ku kuma maza, ku daina gorin rama, domin sau da yawa bakinku ne yake tura su kemis.

ABIN YI DAGA YAU

1. Auna kanka. Samu igiya daidai tsayinka, ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita wajen cibiya. In bakunanta ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. A asibiti kuma ana raba nauyi da tsayi sau tsayi: mai kilo 90 da tsayin mita 1.7 zai samu 31. Daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 ƙiba ce.

2. Taka ƙasa. Shawarar masana minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar na tafiya mai ɗan sauri. Ajiye babur in za ka masallaci. Banu Salima sun so dawowa kusa da masallaci, Annabi (SAW) ya ce su zauna inda suke, ana rubuta musu takunsu.

3. Maigida, matarka ma tana da jiki. Abu Dawud ya ruwaito Annabi (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha (RA) har sau biyu. Ko zagayen tsakar gida ne, ka ƙarfafa mata gwiwa, kada ka yi mata dariya.

4. Rage malmala, ƙara miya. Zogale, rama, kuka, kuɓewa, wake, gero da dawa duk a ƙasarmu suke, sun kuma fi kayan leda amfani.

5. Kada a koya wa yaro lemo da alewa a matsayin ladan kirki.

6. Azumin Litinin da Alhamis sunna ne, a yi shi don Allah, kada kuma a rama da Magariba. Mai ciwon suga ya fara tuntuɓar likita.

7. Je asibiti mafi kusa a gwada jininka da suganka, ko ba ka jin komai. Hawan jini yakan daɗe a jiki bai nuna alama ba.

Lafiya da sarari ni'imomi ne biyu da Annabi (SAW) ya ce mutane da yawa suna hasara a cikinsu. Mu tattala ta tun muna iya tsayuwa a sahu da ƙafafunmu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ciyar da masu yunwa, Ya sa mu fi ƙarfin cikinmu. Wallahu a'alam.