Arthur Lewis da Mas'alar Arahar Amfanin Gona

An haifi Arthur Lewis a shekarar 1915 a tsibirin San Lusiya, cikin tekun Karebiyan, inda galibin jama'a zuriyar bayin da aka kwaso daga Afirka ne. Muradinsa tun yana yaro ya zama injiniya, amma da yake a wancan zamani Turawan mulki ba su ba baƙar fata irin wannan aiki, sai ya tafi Landan ya karanta ilmin tattalin arziki, har Allah ya ƙaddara ya zama shehun malami a Jami'ar Mancesta a 1948.

Mas'alar da ta fi damunsa, wadda kuwa kowane manomin gyaɗa ko auduga zai fahimce ta ba tare da dogon sharhi ba, ita ce dalilin da ya sa mai noma rake ko koko domin a kai Turai yake cikin talauci, alhali kuwa mai ƙera ƙarfe a can yana cikin wadata. A maƙalarsa ta 1954 ya bayyana cewa matuƙar jama'a sun yi yawa a karkara, kuma abincin da manomi guda yake samu a gonarsa bai taka kara ya karya ba, to ba za a rasa masu yin ƙodago da lada ƙanƙane ba, domin ba su bar wani abin kirki a gida ba. Saboda haka ko da an ninka sukarin da gona ke bayarwa, ladan lebura ba ya motsawa, sai dai farashi ya faɗi, fa'idar kuwa ta koma ga mai saye a ƙetare. Hujja ce mai ɗaci, amma a ganina da wuyar tunkuɗewa.

Irin wannan tunani ne ya sa, sa'ad da hukumar Gwalkwas ta nemi shawararsa game da kafa masana'antu a 1953, ya yi mata nasiha da ta fara kyautata noman abinci tukuna. Da ƙasar ta sami mulkin kai a 1957, ta zama Gana, shugaban gwamnatinta, Kwame Nkrumah, ya ɗauke shi mashawarci, amma ba su jima ba suka saɓa a kan yadda ake kashe dukiyar baitulmali, ya ajiye aikin a 1958.

A 1979 aka ba shi lambar girma ta Nobel tare da Theodore Schultz, wani masanin tattalin arzikin noma na Amurka. Ya rasu a tsibirin Babados a 1991.